Ƙwallo ta suɓuce: laifin mai cafewa ne ko na mai jifa?

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda a zahiri da hannu ake yin yawancinsa, babu abin da ke jawo wa ɗan wasa zagi da sauri kamar ƙwallo ta taɓa hannunsa ta faɗi ƙasa. Kyamara za ta kafe a fuskarsa, masu sharhi su ce ya saki, 'yan kallo dubu tamanin ko dubu ɗari su ɗauki ihu. Wanda ya jefo ƙwallon kuwa, wato kwatabak, sai ya riƙe ƙugu yana girgiza kai kamar wanda aka zalunta. Wani lokaci an zalunce shi ɗin. Amma masu horarwa a jami'o'i, waɗanda ke zama ranar Lahadi suna maimaita bidiyon wasan Asabar a hankali, sun san cewa da yawa daga cikin ƙwallayen da ake cewa "an saki" tun daga hannun mai jifa suka taso da aibinsu.

Ga wanda bai saba da wasan ba: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. Kwatabak ne ke karɓar ƙwallo a bayan layin farawa, yana da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin masu tsaro su cim masa, ya jefa wa ɗaya daga cikin masu cafewa, waɗanda kowannensu ke bin wata hanyar gudu da aka tsara tun a atisaye. In ƙwallo ta taɓa ƙasa, damar ta tafi a banza.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, suɓucewar ƙwallo ba ta cikin alƙaluman da hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ke rubutawa a hukumance. A takardar wasa, jifa ko an cafe ko ba a cafe ba, ko abokan hamayya sun ƙwace. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Pro Football Focus da Sports Info Solutions ne ke sa mutane su kalli kowane jifa su yanke hukunci: wannan ya kamata a cafe, wannan ba mai iya cafewa. Tunda hukunci ne na ido, kamfani biyu za su iya ba ɗan wasa ɗaya adadi daban a kaka ɗaya, kocinsa kuma yana da adadi na uku a littafinsa.

To a nan gizo ke saƙa. Kafin a ce an saki ƙwallo, sai ta kasance wadda za a iya cafewa. Kwatabak ɗin da ya wurga ƙwallo yadi uku sama da kan mutuminsa bai jawo "saki" ko ɗaya ba, domin hannu bai kai gare ta ba. Saboda haka jifa iri uku ne, ba biyu ba. Akwai wanda ya sauka daidai inda ake so. Akwai wanda ya kauce gaba ɗaya. Sai na tsakiya: hannu ya kai, amma sai an miƙa, ko an durƙusa, ko an murɗa jiki baya. Wannan na tsakiyan shi ne gonar da suɓucewa ke tsirowa.

Mu yi lissafin allo da lambobi na misali kawai. A ce ƙwallon da ta zo daidai ana sakin ɗaya cikin 25, wadda ta zo a karkace kuma ana sakin ɗaya cikin 5. Kwatabak na farko gwani ne: cikin jifa 100, 85 daidai, 10 a karkace, 5 sun ɓace. Za a rubuta masa saki wajen 5. Na biyu matsakaici ne: 70 daidai, 25 a karkace, 5 sun ɓace. Nasa zai kai kusan 8. Na uku ba shi da saiti: 55 daidai, 15 a karkace, 30 sun tafi daji. Shi ma wajen 5 ne. Wato gwani da mara saiti sun tashi da adadi ɗaya, matsakaici ne ya fi su. Duk wanda ya ɗauki adadin saki shi kaɗai ya ce da shi zai gane ingancin masu cafewa, ko ya wanke kwatabak, ya hau dokin zuciya ne. Dangantakar saiti da saki ba miƙaƙƙen layi ba ce, tana da doro a tsakiya.

Ina ne "daidai"?

Ba ƙirjin mai cafewa ba ne kullum. Ya danganta da hanyar da yake bi da kuma inda mai tsaro yake.

A fara da hannu. Ƙwallon da ta zo daga ƙirji zuwa sama, ana haɗa manyan yatsu biyu da yatsun nuni biyu su yi kamar taga, hancin ƙwallo ya shiga ciki. Wadda ta zo ƙasa da ƙugu, ana juya tafin hannu sama, ƙananan yatsu su haɗu. Tsakanin biyun, wajen cibiya, nan ne wurin rikici: ɗan wasa na iya shirya hannu a siffa ta farko, ƙwallo ta ɗan nutse, ya so ya juya zuwa ta biyu, ta iske shi hannuwa a buɗe. A talabijin za ka ga ta bugi cikinsa ta faɗi, ka ce wannan ai ko yaro ya cafe. Tazarar inci shida a tsayin jifa ce ta jawo hakan.

Mafi muni ita ce ƙwallon da ta zo a baya ga mutumin da ke ratsa fili a guje. Ƙafafunsa da nauyin jikinsa suna tafiya hagu, ƙwallo tana kafaɗarsa ta dama. Dole ya murɗa ƙugu, ya mayar da hannuwa baya, idonsa ya bar layin da yake bi, duk a lokaci guda. Ko ya cafe, gudunsa ya mutu, yadin da zai ƙara bayan cafewa ya tafi. Shi ya sa a kan gajeriyar hanya mai karkata zuwa tsakiyar fili, masu horarwa ke cewa a sa ƙwallo kamar ƙafa ɗaya a gaban lambar rigarsa. In kuwa mai cafewa ya gudu gaba ne ya tsaya ya juyo, to kafaɗar da ke nesa da mai tsaro ake nema, ƙwallon ma ita ke gaya masa ta wane ɓangare zai juya ya tsere. Dogon jifa a gefen fili, kafaɗar waje, don jikinsa ya shiga tsakanin ƙwallo da mai tsaro. A yankin cin maki, ƙa'idar da aka saba ita ce ƙasa-ƙasa a bakin layin gaba, sama-sama a layin baya, inda in mutuminka bai kai ba to babu wanda zai kai.

Akwai ma jifan da ake yi a baya da gangan, idan mai tsaro ya manne wa mai cafewa yana gudu a gabansa: sai a jefa wa kafaɗar baya, mai cafewa ya taka birki ya juyo. In su biyun sun karanta abu ɗaya, babu mai iya tare shi. In ɗaya ya karanta ɗaya bai karanta ba, sai ƙwallo ta bugi bayan hannu, kuma mai ƙirga alƙaluma, da bai san abin da aka tsara ba, ya rubuta wa wanda ya ga dama.

Lokaci da ƙarfin jifa

Saiti ba wuri ba ne kawai, har da lokaci. Ɗan wasan da ke cinye yadi 40 a daƙiƙa 4.5 yana tafiyar kusan yadi 9 a kowace daƙiƙa. Idan kwatabak ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutuminsa ya wuce wurin da kusan yadi guda. Ƙwallon da aka nufi gaban lambar riga ta koma ta kafaɗar baya, alhali hannun mai jifa bai yi kuskuren komai ba. Ƙafarsa ce ta ƙara taku ɗaya, ko idonsa ya daɗe a kan wani.

Sai gudu. Ƙwallon da aka harba da mil 55 a awa tana cin kusan yadi 27 a daƙiƙa, wato jifan yadi 10 bai kai daƙiƙa 0.4 ba. Ɗan Adam na buƙatar wajen 0.2 zuwa 0.25 kafin hannu ya amsa abin da ido ya gani. In mai cafewa ya juyo da kai ƙwallo ta riga ta yi rabin hanya, kamar yadda ake so a jifan da aka yi a kan lokaci, ba shi da sauran damar gyara. Abin da ya tarar shi zai kama. Nan ne ƙarfin hannu ke zama masifa ga matasan kwatabak: yaron da ya saba burge mutane a sakandare da harbi sai ya riƙa sakar wa mai gudu da ƙwallo, wanda ke yadi biyar kusa da shi, irin harbin da ya dace da yadi ashirin. Kuskuren inci kaɗan a jifa mai taushi ana gyara shi da yatsu. Kuskuren nan a jifa mai zafi sai dai ƙwallo ta yi tsalle sama.

Tsallen nan kuwa ya fi saki tsada. Ƙwallon da ta yi ƙasa in an sake ta ƙasa take faɗuwa. Wadda ta yi sama, ta goge yatsu, tana tashi ne ta faɗa hannun mai tsaron da ke baya. Sababin tashin ƙwallo sanannu ne: taku mai faɗi da ƙafar gaba, gwiwar hannu ta sauka ƙasa da kafaɗa, ko jifa da nauyi a kan ƙafar baya saboda an matso shi. Shi ya sa ake koya wa kwatabak gajeren taku, kamar inci shida, yatsun ƙafa na kallon inda za a jefa. Kuma shi ya sa layin kariya mai rauni, wato 'yan wasan da ke tare wa kwatabak masu tsaro, kan ƙara adadin saki ba tare da kowa ya lura ba: an ture mai jifa, ƙafarsa ta ɓaci, ƙwallo ta tashi, aka rubuta wa mai cafewa.

Juyin ƙwallo ma na ciki. Ƙwallon mai tsini biyu ce, tsawonta kusan inci 11, nauyinta oza 14 zuwa 15, kuma jifa mai kyau yana sa ta juyawa kamar mazari, kimanin sau 600 a minti, hancinta na kallon gaba. Irin wannan tana shiga hannu da tsini, yatsu su rufe ta. Wadda ta zo tana rawa kuwa da gefe take bugun tafin hannu. Bahago kuma ƙwallonsa a kishiyar hanya take juyawa, a dogon jifa ma takan ja zuwa ɗaya ɓangaren, don haka masu cafewa ke buƙatar lokaci su saba. Abin da ya sa wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a Janairun 2018 ya zama abin mamaki ke nan ta wannan fuskar: jami'ar Alabama ta cire kwatabak ɗinta Jalen Hurts mai jifa da hannun dama a hutun rabin lokaci ta sa Tua Tagovailoa, bahago, ɗan shekarar farko, kuma shi ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallon yadi 41 da ta ba su nasara a kan Jojiya da ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Amma sun sha atisaye tare, juyin bai zo musu a baƙo ba.

Akwai wani nau'in saki da ba a hannu yake ba, a zuci yake. Jifa mai tsayi a tsakiyar fili, inda dole mai cafewa ya ɗaga hannuwa ya bar haƙarƙarinsa a buɗe ga mai tsaron da ke tahowa a guje, 'yan wasa suna kiransa ƙwallon asibiti. In ya cafe ya sha karo, kwatabak ne alƙalumansa ke hawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 2013 dokar jami'o'i ke korar wanda ya nufi kai ko wuyan ɗan wasan da ba ya iya kare kansa, amma karo a haƙarƙari halal ne. Wanda aka jefa wa irin wannan sau biyu ko uku, a karo na huɗu idonsa zai bar ƙwallo ya nemi mai tsaro, kuma sai ya saki wadda ta zo masa daidai. A bidiyo laifinsa ne ɗari bisa ɗari. Tarihin abin yana wasannin baya.

Me ya sa ya fi tsanani a jami'a?

Filin yana da hannu. Faɗinsa ƙafa 160 ne a jami'a da NFL, wato gasar ƙwararru, duka, amma alamun da ake ajiye ƙwallo a kansu sun bambanta: a jami'a ƙafa 60 suke daga kowane gefe, a NFL ƙafa 70 da inci 9. Idan an ajiye ƙwallo a alamar hagu a jami'a, gefen dama yana nesa da ƙafa 100, wato yadi 33 da ɗoriya. Ka ɗauki mai cafewa da ya shiga yadi 12 ya karya zuwa gefen nan mai nisa, kwatabak kuma yana yadi 7 a bayan layi. A takarda jifan yadi 12 ne. A iska ƙwallon za ta yi tafiyar yadi 36 ko fiye. Yaro ɗan shekara sha tara mai matsakaicin hannu zai kai ta, amma tana isa a gajiye, hanci a ƙasa, wajen gwiwa, mai tsaro kuma ya samu lokacin isowa. Sauƙin da doka ta bayar shi ne mai cafewa ya taka ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a jami'a, saɓanin biyu a NFL.

Sai ƙarancin lokacin sabo. NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da sauran ayyukan wasa a cikin kaka, da zama 15 kacal a atisayen bazara. Tun da aka buɗe kafar sauya makaranta a 2018, aka kuma sassauta dokar a 2021 har ɗan wasa ke iya sauyawa ya buga nan take, ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta fara kaka da sabon kwatabak da sabbin masu cafewa biyu ko uku. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da muka lissafa a sama, maimaici ne kawai ke kashe shi.

Kwatabak Joe Burrow misali ne mai kyau. Ya baro jami'ar Ohio State zuwa jami'ar LSU a watan Mayun 2018, bayan an gama atisayen bazara, ya kammala kakar da kashi 57.8 cikin 100 na jifansa an cafe. A 2019, da masu cafewa Justin Jefferson da Ja'Marr Chase ɗin dai da yake da su a 2018, ya kai kashi 76.3, jifa 402 cikin 527, da jifan cin maki 60. Hannun yaran bai sauya a wata goma sha biyu ba. An kawo koci Joe Brady ya sake tsarin jifa, aka baza masu cafewa a fili, aka mayar da Jefferson ciki kusa da layi, aka kuma shafe hutu ana jifa da cafewa. Bo Nix ma haka: bai wuce kashi 61 ba a shekarunsa uku a Auburn, ya koma Oregon ya yi 71.9 a 2022, sannan 77.4 a 2023, ya ɗara tarihin da Mac Jones na Alabama ya kafa a 2020 da ɗan kaɗan. Sai dai a yi hattara da irin wannan adadi. Tsarin da ke cike da gajerun jifa a bayan layi yana ɗaga kason kowa, domin ƙwallon ba ta yin nisan da za ta karkace.

Ta ɗaya ɓangaren akwai Josh Allen a Wyoming, wanda ya tsaya a kashi 56.3 a 2017, jifa 152 cikin 270. Masoyansa sun ce masu cafewa ne ba su da kyau, ga iska da sanyin Laramie, garin jami'ar, inda filin ke ƙafa 7,220 sama da teku. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafi yana da iyaka: kafin ya kai kashi 65 sai an ƙara masa cafewa 24, a ƙungiyar da ba ta cika jifa ba. Ga shi kuma yana cikin masu harbi mafi zafi, irin wanda ƙaramin kuskurensa ba ya gyaruwa a hannu. Ƙungiyar Buffalo ta NFL ta ɗauke shi na bakwai a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, ya yi kashi 52.8 a shekarar farko, ya kai 69.2 a 2020 bayan ya gyara takunsa, aka kuma kawo masa mai cafewa Stefon Diggs. Duka ɓangarorin biyu aka taɓa.

Wannan ne raunin ma'aunin da ake kira gyararren kason cafewa, inda ake haɗa waɗanda aka cafe da waɗanda aka saki, a raba da yawan jifa bayan an cire waɗanda aka zubar da gangan, da waɗanda aka doke a layi, da waɗanda aka bugi mai jifa yana saki. Ya fi ɗanyen adadi adalci, babu shakka. Amma yana ɗaukar kowane saki a matsayin jifa mai kyau, ya ba kwatabak cikakken lada a kan ƙwallon da ya sa a bayan gwiwar mutum. Matsakaicin nan na lissafinmu, mai jifa 25 a karkace, shi wannan ma'auni ya fi yi wa gata.

Ga mai cafewa kuma matsalar ƙarancin adadi ce. Kakar jami'a wasa 12 ne kafin wasannin ƙarshe. Wanda aka jefa wa ƙwallo 60 masu cafuwa ya saki 3 yana da kashi 5. In ya saki 6 ya koma kashi 10, a fara cewa hannunsa dutse ne. Bambancin ƙwallo uku ne, kuma dare ɗaya na ruwan sama a watan Nuwamba ya isa ya samar da su. Masu neman 'yan wasa da suka san aikinsu suna ware sakin ne ɗaya bayan ɗaya su tsayar da bidiyo a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa hannu. Ina take dangane da lambar riga? Ya rage gudu ko ya murɗa ƙugu kafin ta iso? Kansa ya riga ya juya gaba yana neman hanyar gudu? Yatsu ya miƙa ko jira ya yi ta bugi ƙirji, inda sulken kafaɗa ke mayar da ita waje? Biyun farko na mai jifa ne, biyun ƙarshe nasa ne, kuma maganinsu daban.

Ko a atisaye ana yin wannan kuskuren. Ɗan wasa ya saki biyu ranar Asabar, sai a tsayar da shi gaban injin harba ƙwallo da ake kira JUGS ya cafe ɗari biyu. Injin kuwa wuri ɗaya yake harbawa, da gudu ɗaya da juyi ɗaya, wato irin ƙwallon da da ma ba ya saki. Masu horarwa da suka gane suna tsayawa yadi goma daga yaron yana ratsawa a guje, su riƙa jefa masa munanan ƙwallaye da gangan: ɗaya a bayan ƙugu, ɗaya a idon sawu, ɗaya sama da hular kwano, wani lokaci bayan an tsoma ta a bokitin ruwa. Kwatabak kuma a can ɗaya gefen filin ana sa masa raga mai ƙananan aljihu, mutum biyu na ture shi da katifa, ana duba faɗin takunsa a kowane jifa.